Filin Tambayi Likita: Shin ji yana dawowa bayan an cire ƙari daga gindin ƙwaƙwalwa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Maigidana ɗan kasuwa ne a Kejetia, shekarunsa 46. Kimanin shekara uku ke nan da ya fara kukan cewa kunnensa na dama ba ya ji sosai, kuma yana jin wani ƙugi a ciki dare da rana. An wanke kunnen, an ɗiga magunguna, ba mu ga sauƙi ba. Da ya fara tangaɗi wajen tafiya sai aka tura shi ɗaukar hoton MRI, aka ga ƙari mai faɗin santimita 2.8 a kan jijiyar ji, kusa da ƙwaƙwalwa. Likitoci sun ce ba ciwon daji ba ne, amma dole a yi aiki, kuma kunnen zai iya mutuwa gaba ɗaya. 'Yan'uwansa suna cewa tun da aikin ba zai gyara kunne ba, don me za a buɗe masa kai? Wasu kuma sun ce mu tara kuɗi mu kai shi Indiya, can za a dawo masa da jinsa. Ina gaskiyar magana? — Wata mai karatu, Aboabo, Kumasi

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba maigida lafiya, ya kuma saka miki da alheri bisa ɗawainiyar da kike yi. Zan fara da abin da ya fi nauyi, domin kada ku shiga asibiti da tsammanin da ba zai tabbata ba. Aikin da likitoci suka ambata ba don a dawo da ji ake yinsa ba. Ana yinsa ne don a sauke wa ƙwaƙwalwa nauyin da ke danne ta, kuma jin da wannan ƙari ya riga ya cinye da wuya ƙwarai ya dawo, ko a Kumasi aka yi aikin, ko a Accra, ko a Indiya. Abin da gwanin likita yake iya yi, idan hali ya ba shi, shi ne ya tsare ragowar jin da ya tarar.

Bisa yadda kika kwatanta, wannan shi ne ƙarin da likitoci suka fi kira akustik niyuroma. Yana tsirowa ne daga rigar da ta lulluɓe jijiyar daidaita tsayuwa, wadda take tafiya tare da jijiyar ji a matsayin jijiya ta takwas cikin jijiyoyi goma sha biyu da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa. Waɗannan jijiyoyi, tare da jijiya ta bakwai mai motsa fuska, suna bi ta cikin wata 'yar siririyar kafa a ƙashin da ke bayan kunne, wadda tsawonta bai fi santimita ɗaya ba. A cikin wannan matsattsen wuri ƙarin yake farawa, shi ya sa alamarsa ta farko ita ce raguwar ji a kunne ɗaya da ƙugi, kuma shi ya sa wankin kunne da maganin ɗigawa ba su amfana muku komai ba, domin cutar tana can ciki, nesa da dodon kunne. Ƙarin ba ya yaɗuwa zuwa wasu sassan jiki, kuma yawanci girmansa a hankali ne, milimita ɗaya ko biyu a shekara. Amma idan ya cika kafar sai ya leƙo cikin ƙoƙon kai, ya fara tura tushen ƙwaƙwalwa da sashen da ke kula da daidaiton tafiya.

A nan amsar 'yan'uwansa take. Ƙari mai santimita 2.8 ya wuce matsayin cutar kunne. Tangaɗin da maigida yake yi yana iya zama alamar cewa ya fara matse abin da ke maƙwabtaka da shi, kuma idan ya ci gaba yana iya toshe hanyar ruwan ƙwaƙwalwa, ruwan ya taru, a shiga ciwon kai mai tsanani da amai da dushewar gani. Tsoron da suke ji ba abin zargi ba ne, domin buɗe kai ba ƙaramin al'amari ba ne, kuma a farkon ƙarni na ashirin mafi yawan waɗanda aka yi wa wannan aiki ba sa tashi. Likita Harvey Cushing na Amurka, wanda ya wallafa bincikensa kan wannan ƙari a 1917, shi ne ya fara rage yawan mace-macen, sannan a shekarun 1960 William House ya shigo da madubin tiyata mai ƙara girman abu cikin aikin. A yau rasa rai a wannan tiyata ya zama abu mai wuya a hannun ƙwararru, har hankalin likitoci ya koma kan tsare fuska da ji. Ina roƙon ki ki tafi da babban yayansa ko wanda maganarsa take da nauyi a gidan zuwa wurin likita, ya ga hoton da idonsa, domin wanda ya ga yadda ƙarin ya lanƙwasa tushen ƙwaƙwalwa ba ya sake tambayar dalilin aiki.

Abubuwa uku ne suke yanke hukunci kan makomar kunnen, kuma dukkansu ana saninsu kafin a shiga ɗakin tiyata: girman ƙarin, yawan jin da ya rage, da hanyar da likita zai bi ya isa wurin.

Girma shi ne kan gaba. Idan ƙarin bai kai santimita ɗaya da rabi ba, kuma kunnen yana ji da kyau, manyan cibiyoyin da suka saba da aikin suna iya tsare ji mai amfani a wajen rabin marasa lafiya ko fiye. Da zarar ya kusanci santimita uku, damar takan ragu ƙwarai. Dalilin shi ne, yayin da ƙarin yake girma yakan miƙe jijiyar ji ya shimfiɗa ta a bayansa har ta yi siriri ta manne masa, sai aikin raba su ya zama kamar wanda aka ce ya ɗage yanar da ta kwanta a saman koko ba tare da ta yage ba. Ko da jijiyar ta fita lafiya a ido, akwai wata 'yar jijiyar jini guda ɗaya tak da take ciyar da katantanwar kunne, wato sashen da ke mayar da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa take fahimta, kuma ba ta da mataimakiya. Idan ta toshe ko ta tsuke na ɗan lokaci a yayin aiki, kunnen yakan mutu. Wannan ne ya sa wani lokaci likita zai fito ya ce bai yanke jijiyar ji ba, amma maras lafiya ya farka ba ya ji, kuma babu ƙarya a maganar likitan.

Na biyu shi ne jin da ya rage, kuma wannan ba a ƙiyasta shi da baki, gwaji ake yi. Ana samun gwajin a asibitin koyarwa na Komfo Anokye a Kumasi da na Korle Bu a Accra. Za a zaunar da shi a wani ɗan ɗaki da aka toshe wa hayaniya, a sanya masa na'ura a kunne, ya riƙa ɗaga hannu ko danna maɓalli duk lokacin da ya ji sauti, sannan a karanto masa kalmomi ya maimaita. Ma'aunin da likitoci suka daɗe suna aiki da shi shi ne, kunne yana da ji mai amfani idan raguwarsa ba ta wuce desibel 50 a ma'aunin ƙarfin sauti ba, kuma yana gane aƙalla kalma 50 cikin 100. Gwajin kalmomin ya fi muhimmanci a wannan cuta, domin mai ita yakan ji cewa ana magana amma ya kasa tsinkayar abin da aka faɗa, har ka ga ya daina sanya waya a wannan kunnen ba tare da ya lura ba. Ku gaya wa mai gwajin harshen da maigida ya fi ji, domin ɗan Zango da aka karanto wa kalmomin Turanci yana iya faɗuwa a gwajin saboda harshe, alhali kunnen yana da saura. Idan bayan shekara uku kunnen ya riga ya faɗi ƙasa da wannan ma'auni, to babu abin da za a yi kasadar tsarewa, kuma hankali sai ya koma kan fuska.

Na uku ita ce hanya, kuma hanyoyin uku ne. Ta farko tana bi ta cikin ƙashin kunne kai tsaye, ta ratsa sashen daidaita tsayuwa, kuma duk wanda aka bi masa ta nan zai rasa jin wannan kunnen baki ɗaya, babu makawa. Likitoci suna zaɓenta da saninsu idan jin ya riga ya lalace, saboda tana nuna musu jijiyar fuska da wuri, kuma ba ta buƙatar a ture ƙwaƙwalwa sosai. Ta biyu tana bi ta bayan kunne, wajen ƙeya, ta dace da manya da ƙananan ƙari, kuma tana barin ƙofar tsare ji a buɗe. Ta uku tana bi ta saman kunne, ana amfani da ita ne ga ƙaramin ƙarin da bai fito daga kafar ƙashin ba. Inda ake son tsare ji, akan sanya na'urar da ke buga sauti a kunne tana auna amsar jijiyar a duk tsawon aikin, kamar yadda ake sanya wata tana sa ido a kan jijiyar fuska.

Saboda haka, Hajiya, tun ran gini tun ran zane. Kafin maigida ya sa hannu a takarda, ku tambayi likitan ta wace hanya zai bi, ko yana da niyyar ƙoƙarin tsare jin ko ya riga ya sallama shi, ko akwai na'urar sa ido a kan jijiyar fuska, da kuma sau nawa yake yin irin wannan aiki a shekara. Tambayar ƙarshen nan ba rashin kunya ba ce, kuma likitan kirki ba zai ji haushinta ba, domin sanannen abu ne cewa sakamakon wannan tiyata ya fi kyau a hannun waɗanda suke yawan yinta. Wannan ma'auni shi za ku ɗora wa maganar Indiya. Idan za a fita waje, a fita don gogewar likita da kayan aiki, amma duk wanda ya yi muku alkawarin dawo da ji a ƙari mai wannan girma, ku yi hattara da shi, musamman dillalan da ke tsakanin majinyata da asibitoci.

A ra'ayina, a girman da kika ambata, fuska ta fi kunne cancantar a yi mata tanadi. Mutum yana rayuwa da kunne ɗaya ya ci gaba da kasuwancinsa, amma idan jijiya ta bakwai ta lalace baki yakan karkace, ido ya ƙi rufuwa ya bushe, har ya kai ga gyambo idan ba a kula ba. Shi ya sa likitoci da yawa a yanzu, idan suka tarar ƙarin ya manne wa jijiyar fuska, sukan bar ɗan ɓurɓushinsa da gangan, su riƙa bibiyarsa da hoto, in ya motsa a haska shi da haske mai ƙarfi don a tsayar da girmansa. Idan aka ce muku an bar saura, kada ku ɗauka aikin ya gaza. Ku kuma bincika batun kuɗi tun da wuri, domin jerin abubuwan da inshorar lafiya ta ƙasa ta ce ba za ta biya ba tun farkon kafa ta ya ƙunshi tiyatar ƙwaƙwalwa wadda ba haɗari ne ya jawo ta ba, da na'urorin taimaka wa ji. Kafin ranar aiki kuwa, idan ya tashi da ciwon kai mai tsanani da amai, ko ganinsa ya dushe, ko barci ya yi masa yawa har ya yi wuyar tashi, ku kai shi sashen gaggawa a ranar.

Tambaya: Likita, an yi wa mahaifiyarmu irin wannan aiki wata takwas da suka wuce. Ta warke, alhamdu lillahi, amma kunnenta na hagu ya mutu, ƙugin kuma bai daina ba. Ta daina zuwa biki da suna, ta ce hayaniya tana rikita ta. Shin aikin ne bai yi ba? Kuma idan muka saya mata na'urar ji za ta amfana? — Wani mai karatu, Nima, Accra

Amsa: Malam, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Mutuwar kunnen ba ta nuna cewa aikin bai yi ba, hoton MRI na bayan aiki shi ne zai nuna haka. Ƙugin ma ba abin mamaki ba ne, domin ba daga kunnen kaɗai yake fitowa ba. Idan ƙwaƙwalwa ta daina samun sauti daga ɓangare ɗaya takan ƙirƙiro nata, shi ya sa yanke jijiya ba ya tabbatar da shiru. Ga wasu yana raguwa bayan aiki, ga wasu yana nan yadda yake, ga kaɗan kuma yana ƙaruwa. Mafi yawan mutane sukan saba da shi sannu a hankali, kuma barin rediyo ko karatun Alƙur'ani a ƙasa-ƙasa lokacin kwanciya yana rage damunsa.

Abin da Hajiya ta faɗa game da hayaniya gaskiya ne, kuma ina so ku 'ya'yanta ku yarda da ita, kada ku ɗauka ƙyuya ce ko fushi. Kunne biyu ne suke ba ƙwaƙwalwa damar tsamo muryar mutum ɗaya daga cikin taro, su ne kuma suke nuna daga ina sauti ya fito. Mai kunne ɗaya yana hira lafiya a ɗaki shiru, amma a tsakar gidan biki, inda lasifika ke tashi mata goma suna magana a lokaci guda, komai yakan cakuɗe masa. Za a kira sunanta daga hagu ta waiga dama, wata ta gaishe ta ta gefen da ya mutu ba ta amsa ba, a koma ana cewa ta yi girman kai. Mace mai mutunci takan gwammace ta zauna a gida da a riƙa yi mata wannan fassara. Maganin farko a hannunku yake: ku gaya wa ƙawayenta da dangi halin da ake ciki, a riƙa zama ta damanta, a fuskance ta kafin a yi magana, a zaunar da ita nesa da lasifika, bango yana ta hagunta. Wajen tsallaka titi kuma kada ta dogara da kunne, domin ba za ta iya sanin ta ina babur ko trotro yake tahowa ba, sai ta duba ɓangarorin biyu.

Game da na'ura, kada ku sayi ta kasuwa. Na'urar da aka saba gani ƙara ƙarfin sauti take yi, kuma kunnen da ya mutu ba ya amfana da ƙarfi komai yawansa. Wadda ta dace da irin halinta kashi biyu ce: ana maƙala ɗaya a kunnen da ya mutu ta ɗauki sauti, ta aika wa ɗayar da ke kunne mai lafiya. Akwai kuma wadda ake dasawa a ƙashin bayan kunne, ta tura sauti ta cikin ƙashi zuwa kunnen da ke ji. Dukkansu suna taimaka wa mutum ya ji mai magana ta gefen da ya mutu, amma ba sa dawo da sanin inda sauti ya fito, shi ya sa ya kyautu ta gwada kafin ku biya. Dashen katantanwar kunne, wato na'urar da ake dasawa a ciki ta aika wa jijiyar ji saƙon sauti, yana yiwuwa ne kawai idan jijiyar ji tana nan da rai, likitan da ya yi aikin shi zai faɗa muku. Akwai kuma dashen da ake ɗorawa a tushen ƙwaƙwalwa, wanda aka fara yi a birnin Los Anjeles a 1979, amma galibi ana ajiye shi ne ga masu cutar gado da ke fitar da ƙari a kunnuwa biyu. Ku fara da cibiyar gwajin ji ta Korle Bu, a auna kunnen dama.

Wannan kunne na dama shi ne duk abin da ya rage mata, don haka a kiyaye shi. Kada a sa masa tsinke ko mai, kada ta zauna kusa da janareta ko injin niƙa, kuma duk likita ko mai kemis da zai ba ta allura a gaya masa cewa kunne ɗaya gare ta, domin allurai irin su jentamaisin da sitireftomaisin suna iya lalata ji. Idan ta wayi gari jin kunnen ya ragu farat ɗaya, a kai ta wurin likitan kunne a ranar, saboda maganin irin wannan yana aiki ne a kwanakin farko.

Tambaya: An gano mini ƙari mai milimita 8, ina ji da kyau, ni malamin makaranta ne. Likita ya ce mu jira mu sake hoto. Ba sakaci ba ne? — Wani mai karatu, Asawase, Kumasi

Amsa: Ba sakaci ba ne, Malam, hanya ce da likitoci suka yarda da ita. Binciken da aka daɗe ana yi a ƙasar Denmak, inda aka bi marasa lafiya shekara da shekaru, ya nuna cewa da yawa daga ƙananan ƙari ba sa girma bayan an gano su, kuma waɗanda suke gane kalmomi sarai a ranar farko su suka fi daɗewa da jinsu. Sai dai jin yana iya raguwa a hankali ko da ƙarin bai motsa ba, don haka gwajin ji ya riƙa tafiya tare da hoton, wanda akan fara maimaitawa bayan wata shida, sannan shekara-shekara. Idan ya fara girma, zaɓi biyu ne a gabanka: tiyata mai nufin tsare ji, wadda girman naka ya dace da ita, ko haska shi da haske mai ƙarfi a wuri guda, dabarar da Lars Leksell ya ƙirƙiro a Suwidin. Tiyata tana yanke hukuncin kunne a rana ɗaya, haske kuma yakan bar jin da farko, sannan ga mutane da yawa ya ragu cikin shekaru. Ka adana dukkan faifan hotunanka da takardun gwajin ji a wuri guda, ka riƙa zuwa da su, domin da kwatanta sabo da tsoho ake gane ko ya ƙara milimita biyu.